Yadda ake lissafin giɓin fansho idan aka ƙirga wa ma'aikaci shekarun baya

Gwamnati kan yanke shawarar ƙirga wa ma'aikaci shekarun da ya yi kafin ya shiga tsarin fansho: shekarun aikin soja, ko na aikin wucin gadi, ko waɗanda ya yi a wata hukuma da aka haɗe da tasa. Sau da yawa shawarar tana bisa adalci, domin mutumin ya yi aikin da gaske. Matsalar ita ce ranar da aka sa hannu a takardar babu ko sisi da ke fita daga baitulmali, shi ya sa masu yanke shawarar suke ganin abin bai ci komai ba. Alhali a ranar ce bashin ya hau wuyan asusun fansho, kuma daga ranar yake fara girma.

A tsarin fansho mai alkawarin adadi, wato wanda ake lissafa abin da mutum zai karɓa daga shekarun aikinsa da albashinsa na ƙarshe, kowace shekarar aiki tana da farashi. Ma'aikaci da gwamnati suna zuba wannan farashin a shekarar da aka yi aikin, a juya kuɗin a kasuwa, ribarsu ta taru har ranar ritaya. Shekarun da aka ƙirgo daga baya ba a zuba musu komai a lokacinsu ba, ribar da za su haifar ma ba ta taru ba. Giɓi shi ne ƙimar alkawarin a kuɗin yau, a debe abin da aka ajiye dominsa. Duk aikin yana wajen fitar da waccan ƙimar ta farko daidai.

Kafin a taɓa lissafi sai an tattara bayanin kowane ma'aikaci: ranar haihuwa, albashin yanzu, shekarun da yake da su a tsarin, da shekarun da za a ƙara masa tare da takardar da ta tabbatar da su. Sannan sai hasashe guda biyar da dole a rubuta su a fili: yawan ƙarin albashi a shekara, ribar da ake sa ran asusun zai samu, shekarun da mutane kan yi ritaya, yawan waɗanda kan bar aiki ko su rasu kafin lokacin, da tsawon rayuwa bayan ritaya.

Mu ɗauki mutum ɗaya mu bi shi daki-daki. Alƙaluman misali ne, kuma ba su da sunan kuɗin kowace ƙasa, domin lissafin ɗaya ne ko'ina. Shekarunsa 45, albashinsa 600,000 a shekara, zai yi ritaya yana da 60. Dokar tsarin ta ce kowace shekarar aiki tana ba shi kashi 2 cikin 100 na albashin ƙarshe. An ƙirga masa shekaru 10 na baya, wato an ƙara masa kashi 20 cikin 100.

Kashi 20 na wane albashi? Na ranar ritaya, ba na yau ba. Idan albashi yana ƙaruwa da kashi 4 cikin 100 a shekara, sai a ninka 1.04 da kansa sau 15, a samu 1.8009. Albashin ƙarshe ya zama kusan 1,080,600, ƙarin fanshon kuma 216,100 a kowace shekara.

Mataki na gaba shi ne sanin nawa ya kamata a riƙe a hannu ranar ritaya don a iya biyan wannan adadin. A ce zai karɓa na shekaru 20, asusun kuma yana samun ribar kashi 7 cikin 100. Ba sai an tanadi ninki 20 ba, tunda ragowar kuɗin na ci gaba da kawo riba yayin da ake biya, ninki 10.59 ya isa. Wannan ya ba da kusan 2,289,500. A aikin gaske ba a yanke shekaru 20 kai tsaye haka, ana amfani da jadawalin tsawon rai wanda ke ba kowace shekara nauyinta, amma tsarin tunanin bai canja ba.

Yanzu sai a dawo da adadin zuwa yau. Saura shekaru 15 kafin a buƙaci kuɗin, don haka a raba shi da 1.07 ninke da kansa sau 15, wato 2.759. An samu kusan 829,800. Daga nan a yi la'akari da cewa ba kowa ne zai kai ranar ritaya yana bakin aiki ba. Idan 85 cikin 100 ne ke kaiwa, ƙimar alkawarin a yau ta tsaya a kusan 705,000. Wannan ne farashin shekaru goman nan ga mutum ɗaya, kuma ya fi albashinsa na shekara guda.

Me aka karɓa a madadinsu? Abin da aka fi yi shi ne a ce ma'aikaci ya biya kason da da an cire masa a wancan lokacin, tare da ɗan kuɗin ruwa. A ce matsakaicin albashinsa a waɗancan shekarun 300,000 ne, kason kuma kashi 8 cikin 100, wato 24,000 a shekara. Shekaru goma da ruwan kashi 3 cikin 100 sun kama kusan 275,000. A debe wannan daga 705,000, giɓin ya zama 430,000. Ma'aikacin ya biya duk abin da aka nema daga gare shi, takardarsa ta nuna ba a bin sa komai, amma abin da ya shiga asusu bai wuce kashi 39 cikin 100 na farashin ba. Dalilai uku ne suka haɗu: an karɓi kaso a kan ƙaramin albashin da alhali za a biya fansho a kan babban albashin gaba, ba a karɓi kason gwamnati ba, ruwan da aka ɗora kuma bai kai ribar da asusun ke dogaro da ita ba. Idan mutum 2,000 ne masu irin wannan hali, giɓin ya kai miliyan 860.

Inda lissafin kan karkace

Kuskuren da ya fi yawa shi ne amfani da albashin yau. Kashi 20 na 600,000 shi ne 120,000, kuma idan aka bi sauran matakan yadda suke, ƙimar za ta fito 392,000 maimakon 705,000. Giɓin sai ya bayyana kamar 117,000 ne kawai, alhali 313,000 sun ɓuya a cikin ƙarin albashin da kowa ya san za a yi. Ɓoyayyen kason ba ya ɓacewa, yana fitowa kaɗan-kaɗan a rahoton kowace shekara da sunan asarar da ba a zata ba.

Na biyu shi ne mantawa da ƙarin da ake yi wa 'yan fansho saboda tsadar rayuwa. Idan doka ta tanadi ƙarin kashi 2 cikin 100 a shekara, ninkin nan na 10.59 zai koma 12.32, farashin kuma ya tashi zuwa kusan 820,000.

Hasashen riba ya fi kowanne nauyi, kuma a kansa ne aka fi samun matsin lamba, domin ɗaga shi kaɗan yana rage abin da gwamnati za ta zuba bana. A sauke shi daga kashi 7 zuwa kashi 6, a bar komai yadda yake: ninkin ya zama 11.47, abin rabawa ya zama 2.397, ƙimar alkawarin ta koma 879,000. Alkawarin ya ƙaru da kusan kashi 25 cikin 100. Giɓin kuwa ya tashi daga 430,000 zuwa 604,000, ƙarin kashi 40, saboda kuɗin da ke hannu, 275,000, ba su motsa ba. Duk rahoton da ya kawo giɓi a kan hasashen riba guda ɗaya tak bai gama aikinsa ba. Ya kamata a ga adadin a kan maki ɗaya sama da maki ɗaya ƙasa, gefe da gefe.

Akwai kuma batun shekarun haihuwa, wanda farashin bai-ɗaya ke rufewa. A ɗauki wani mai albashi iri ɗaya, 600,000, amma shekarunsa 58. Albashinsa na ƙarshe zai zama 648,960, ƙarin fanshonsa 129,800 a shekara, ƙasa da na mutuminmu na farko. Sai dai shekaru biyu kacal suka rage a juya kuɗin, kuma kusan tabbas zai kai ranar ritaya, a ce 98 cikin 100. Farashinsa ya kai kusan 1,177,000. Idan aka sa wa kowa farashi ɗaya, ko aka lissafa giɓin da matsakaicin shekarun ma'aikata, za a yi ƙasa da gaskiya sosai. Kuma inda aka bar wa mutum zaɓin ya sayi shekarun ko ya bari, waɗanda za su saya su ne waɗanda cinikin ya fi yi wa riba: na kusa da ritaya, masu ƙoshin lafiya, da waɗanda suka san ƙarin girma na tafe. Ba laifinsu ba ne, kowa ya san abin da zai amfane shi. Aikin mai lissafi ne ya sa wannan cikin hasashensa.

Abin da ya fi wuyar gani shi ne yadda ƙarin shekarun ke canja ranar ritaya kanta. Tsare-tsare da dama suna ba mutum damar tafiya da cikakken fansho idan ya cika wasu shekarun aiki, ko da bai kai shekarun haihuwar da aka ƙayyade ba. A ce ƙa'idar shekaru 30 ce, mutuminmu kuma yana da 10 a tsarin. Ba tare da ƙarin ba, zai tafi yana da 60 da shekarun aiki 25, ya karɓi rabin 1,080,600, wato 540,300, na shekaru 20. Ƙimar wannan a yau 2,075,000 ce, idan aka ajiye batun barin aiki a gefe. Da ƙarin kuwa, zai cika 30 yana da shekaru 55. Albashinsa a lokacin 888,100, kashi 60 cikin 100 nasa 532,900, kuma zai karɓa na shekaru 25. Ƙimar wannan a yau 3,157,000. Bambancin ya zama 1,082,000, ba 830,000 da lissafin farko ya nuna ba. Ga kuma kason shekaru biyar da shi da gwamnati ba za su ƙara zubawa ba. Idan tsarin yana ɗaukar nauyin lafiyar 'yan fansho, nan ma an ƙara shekaru biyar.

Saboda haka hanyar da ta fi inganci ita ce a yi cikakken lissafin asusun sau biyu, da bayanai iri ɗaya da hasashe iri ɗaya, sau ɗaya da shekarun baya, sau ɗaya babu su. Bambancin da ke tsakani shi ne farashin. Wannan hanyar ce kaɗai ke kama duk wuraren da ƙarin ya taɓa: ranar ritaya, garatuti, haƙƙin magada, da waɗanda a da ba su cika mafi ƙarancin shekarun cancanta ba amma yanzu sun cika.

Biyan giɓin

Sanin adadin rabin aiki ne. A koma kan miliyan 860. Tunda an yi lissafin ne bisa zaton kuɗin suna hannu suna kawo kashi 7 cikin 100, rashinsu yana jawo asarar miliyan 60.2 a shekarar farko kaɗai. Duk abin da gwamnati ta zuba ƙasa da wannan bai taɓa uwar kuɗin ba. Idan ta ɗage fara biya da shekaru biyar, miliyan 860 sun zama miliyan 1,206.

Idan za a biya adadi ɗaya kowace shekara, shekaru 10 na buƙatar miliyan 122.4 a shekara, shekaru 15 miliyan 94.4, shekaru 20 miliyan 81.2, shekaru 30 kuma miliyan 69.3. A kowanne daga cikinsu bashin yana raguwa tun daga shekarar farko.

Akwai wata hanyar da masu kasafin kuɗi suka fi so, inda ake ɗaure biyan da jimillar albashin ma'aikata, a fara da kaɗan ya riƙa ƙaruwa yadda albashi ke ƙaruwa. Tana da hujjarta, domin nauyin ba ya canjawa idan aka auna shi da albashi. Amma a duba abin da take yi idan aka ja ta zuwa shekaru 30 bisa zaton jimillar albashi za ta ƙaru da kashi 3.5 cikin 100. Biyan farko miliyan 47.7 ne, ƙasa da ruwan shekarar da miliyan 12.5. Bashin zai yi ta hawa har shekaru goma, ya kai kusan miliyan 934, kuma ba zai sauko ƙasa da inda ya fara ba sai a shekara ta 17. Mutumin nan mai shekaru 45 ya riga ya yi shekaru biyu yana karɓar fansho a lokacin. Idan kuma gwamnati ta rage ɗaukar ma'aikata, jimillar albashin ba ta ƙaru yadda aka zata ba, manyan biyan da aka jingina wa ƙarshen jadawalin ba za su samu ba. Mafi muni shi ne inda ake sabunta wa'adin kowace shekara, a sake cewa saura 30. A nan ana biya kullum, bashin kuma yana ƙaruwa da kusan kashi 1.5 cikin 100 a shekara, babu ranar ƙarewa.

A ganina ƙa'idar da ta fi dacewa ita ce kada wa'adin biya ya wuce matsakaicin shekarun da suka rage wa waɗanda aka yi wa ƙarin su bar aiki, kuma a rufe shi, kada a sabunta. Idan ƙarin ya shafi waɗanda suka riga suka yi ritaya, a biya nan take ko cikin 'yan shekaru kaɗan, domin kuɗinsu sun fara fita tun yanzu. Giɓin shekarun baya kuma a ba shi layinsa daban a rahoto, kada a cuɗa shi da asarar kasuwa, ta yadda bayan shekaru goma za a iya nuna nawa ya rage daga wannan shawarar ita kaɗai.

Jihar Kalifoniya a Amurka ta nuna yadda abin kan kasance. A 1999 majalisarta ta zartar da dokar SB 400, wadda ta kyautata ƙa'idar fanshon ma'aikatan jiha, har 'yan sandan manyan hanyoyi suka samu kashi 3 cikin 100 a kowace shekarar aiki tare da damar ritaya a shekara 50. Sabuwar ƙa'idar ta hau har kan shekarun da aka riga aka yi. Wannan ma ƙirga shekarun baya ne ta wata fuskar: mai shekarun aiki 25 da aka ɗaga daga kashi 2 zuwa kashi 3 ya tashi daga rabin albashi zuwa kashi 75 cikin 100 a rana ɗaya, ba tare da an taɓa zuba kuɗin bambancin ba. A lokacin kasuwar hannun jari na kan ganiyarta, asusun fanshon ma'aikatan jihar, wato CalPERS, na da rara, aka ɗauka rarar za ta ɗauki nauyin. Kasuwa ta faɗi daga 2000 zuwa 2002, ta sake faɗuwa a 2008, rarar ta tafi, alkawarin ya zauna. A 2003 jihar ta kuma ba ma'aikata damar sayen har shekaru biyar da ba su yi aikinsu ba, da sharaɗin su biya cikakken farashi. Dokar gyaran fansho da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2013 ta soke wannan damar, ta kuma hana a riƙa mayar da ƙarin fansho kan shekarun baya. Kotun ƙolin jihar ta tabbatar da soke sayen shekarun a 2019. CalPERS ɗin kuma ta sauke hasashen ribarta daga kashi 7.5 zuwa 7, sannan zuwa 6.8 a 2021, kuma kowane saukewa yana ƙara farashin duk shekarun da aka riga aka ƙirga. Rara da ta samo asali daga tashin kasuwa ba kuɗin kashewa ba ce, ita ce za ta tare faɗuwar da ke tafe.

Wannan ba yana nufin dole ma'aikaci ya biya cikakken farashi a kowane hali ba. Gwamnatin tarayyar Amurka, alal misali, tana barin ma'aikatanta da ke tsarin fanshonta mai suna FERS su ƙirga shekarun soja ta hanyar biyan kashi 3 cikin 100 na albashinsu na soja, wanda kowa ya san bai kai farashin ba. Rangwame ne da aka yi da gangan don girmama hidimar. Gwamnati na da ikon yin haka, muddin ta san girman rangwamen kuma ta sa shi a kasafi. Ƙasar Chile, da ta sauya tsarin fanshonta a 1981, ta mayar da shekarun da mutane suka yi a tsohon tsari zuwa takardar bashi da sunan kowane ma'aikaci, wadda ke bin hauhawar farashi tare da ƙarin kashi 4 cikin 100 a shekara, a biya ta ranar ritaya. Ko me za a ce game da sauran tsarin, bashin ya samu adadi da mai shi da ranar biya.

Ƙa'idojin akanta ma sun bi wannan hanyar. A 2012 hukumar GASB, mai tsara ƙa'idojin akanta na jihohi da ƙananan hukumomin Amurka, ta fitar da ƙa'idoji masu lamba 67 da 68, waɗanda suka wajabta wa gwamnati ta nuna giɓin fansho a cikin bayanin kadara da bashinta, ta kuma rubuta farashin duk wani sauyin ƙa'idar fansho a shekarar da aka yi shi. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ɓangaren gwamnati, IPSAS 39, wadda ta fara aiki a 2018, ita ma ta ce a rubuta farashin shekarun baya a lokacin da aka yi gyaran. Sai dai rubuta bashi a littafi daban, zuba kuɗi daban. Waɗannan ƙa'idoji ba su tilasta wa kowa biya ba, dokar kasafi ce ke yin wannan.

Bayan an fara aiwatarwa, lissafin farko ya zama ma'auni da za a riƙa gwada gaskiya da shi. Kowace shekara a duba mutum nawa suka nemi a ƙirga musu idan aka kwatanta da waɗanda aka zata, shekaru nawa aka amince da su, a wace shekara suka yi ritaya, da wane albashi suka tafi. Wurin da aka fi samun ɓaraka shi ne takardun shaida: shekarun da suka hau kan juna tsakanin hukumomi biyu, aikin rabin lokaci da aka ƙirga a matsayin cikakke, da shekarun da mutum ya riga ya karɓi garatutinsu ko yake karɓar wani fansho a kansu. Kowace shekara ɗaya da ta shige a ɓoye, ga mutum irin na misalinmu, tana ɗora wa asusun kusan 70,500. Idan aka ga abin da ke faruwa ya saɓa wa hasashe shekaru biyu ko uku a jere ta fuska ɗaya, to hasashen ne ba daidai ba, sai a gyara shi, a sake fitar da farashin sayen shekarun ga masu neman gaba, a kuma ƙara bambancin a kan abin da gwamnati za ta zuba a kasafin shekara mai zuwa.